Ido Wa Ka Raina? Hakkin Abin Kallo A Kan Mai Kallo

Gabatarwa

A ƙarshen damina muka ɗauki hanyar Kafanchan, mu ɗalibai cike da mota tare da malamanmu biyu, da nufin ganin Matsirga da duwatsun Kagoro. Mun bar Kaduna hantsi bai ɗaga ba, muka bi ta Kachia da Zonkwa, ƙasa kore shar, gonakin citta da dawa sun raka hanya dama da hagu. Sai dai kaɗan daga cikinmu ne suka leƙa taga, domin wani abokin karatunmu ya fito da wayarsa yana nuna mana bidiyon wasu baƙi da suka shiga kwale-kwale daga Zanzibar zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Changuu. Mun ga sun sauka a kan farin yashi, sun zaga cikin itatuwa suna kallon manyan kunkuru, daga bisani suka ɗaura gilashin ninƙaya a fuska, suka kama bututun numfashi da baki, suka kwanta a kan ruwa suna leƙen kifaye masu launi iri-iri. Da bidiyon ya ƙare sai wani ya ce, "Wannan shi ne yawon buɗe ido, ba namu na zuwa kallon ruwa yana faɗowa daga dutse ba." Aka yi dariya, ba wanda ya musa. Hausawa dai sun riga sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Da muka isa Matsirga, kusa da Madakiya, sai bakin kowa ya mutu. Ruwa ne ke tsirgowa daga tsayin da ya kai wajen mita 25 zuwa 30, da ƙara kamar ta aradu, feshinsa na tashi kamar hayaƙi yana jiƙa wanda ke tsaye nesa. Muka yi hotuna, muka ci abin da muka zo da shi, wasu suka ɗauki gawayi suka rubuta sunayensu a jikin dutse. Lokacin komawa mota, sai muka yanke ta cikin wata gona domin taƙaita hanya. A bakin gonar muka tarar da wani dattijo yana tsince ledojin ruwa da iska ta kwaso daga inda muka zauna. Ɗaya daga cikin malamanmu ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a yi mana aikin gafara, yara ne." Dattijon bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba komai, Malam. Ku kallo kuka zo, mu nan muke kwana."

Wannan magana ce ta haifar da wannan rubutu. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: shin wanda ya je kallo kawai, bai je saye ko sayarwa ba, bai je zama ba, akwai wani hakki da ya rataya a wuyansa? Ko kuwa kallo abu ne da ba ya rage komai, ba ya ƙara komai, kamar yadda yawancinmu muka ɗauka?

Kallo Ba Ya Rage Komai?

A zahiri ido ba shi da hannu. Wanda ya dubi wata bai rage masa haske ba, wanda ya dubi dutse bai ɗauke masa nauyi ba. Daga nan ne ɗan yawon buɗe ido ke samun natsuwar cewa shi ba mai laifi ba ne, domin mafarauci ne ke kashe dabba, mai gatari ne ke sare itace, shi kuwa ido kaɗai ya kawo. Amma ido ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙafa ce ke kai shi, ciki na biye da shi, kuma duk inda mutum ɗaya ya ga abin sha'awa, gobe zai turo goma.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na murjani. Mu Hausawa mun san murjani a wuyan amare da cikin adudun iyayenmu mata, har mukan ɗauka wani irin dutse ne. Alhali kuwa ginin wasu ƙananan halittu ne masu rai da ke zaune cikin teku, kuma wasu nau'o'insa ba sa ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Saboda haka mai ninƙayar da ya dafa shi da ƙafa domin ya huta na iya karya aikin shekara ashirin cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya sani ba, kuma ba tare da mugun nufi ba. A ƙasar Tailan akwai wani lungun teku da ake kira Maya, wanda ya yi suna bayan an nuna shi a wani fim na Amurka a shekarar 2000. Jama'a suka yi ta tururuwa har ana samun dubban mutane a yini guda, jiragen ruwa na jefa ƙugiyoyinsu a kan murjani, har yawancinsa ya mutu. A 2018 hukuma ta rufe wurin baki ɗaya, ba a sake buɗe shi ba sai a farkon 2022, shi ma da sharaɗin jirage ba za su shiga lungun ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗancan dubbai da ya tafi da niyyar ɓarna. Kowa kallo ya je, amma da yayyafi kogi kan cika.

A nan ne matsalar take a fagen ɗa'a. Mun saba auna laifi da niyya, mu ce wanda bai yi nufi ba ba shi da alhaki. Wannan ma'auni yana aiki tsakanin mutum da mutum, amma yana gazawa idan ɓarnar ta taron jama'a ce, wadda rabon kowa a cikinta ƙanƙane ne har ba a ganinsa. Ledar ruwa ɗaya ba ta toshe kogi, suna ɗaya da gawayi bai ɓata dutse ba, sawu ɗaya bai kashe kunyar citta ba. To, idan kowa ya wanke kansa da wannan hujja, wa ya ɓata wurin? Amsar da muka ga ta fi kusa da gaskiya ita ce, wanda ya san cewa shi ɗaya ne daga cikin taro, kuma ya san abin da taron ke haifarwa, ba zai fake da ƙanƙantar rabonsa ba. Sanin da ya yi shi ne ya ɗora masa nauyi.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Akwai wani darasi a cikin irin ninƙayar da muka gani a bidiyo. Wanda ke zaune cikin kwale-kwale ba ya ganin komai sai shuɗin ruwa da hoton fuskarsa. Sai ya sunkuyar da kai, ya nutsa fuska, sannan yake gane cewa akwai wata duniya cike da mazauna a ƙarƙashin abin da ya ɗauka fili ne. Haka kowane wurin shaƙatawa yake: yana da sama da baƙo ke gani, yana da ƙasa da sai wanda ya tambaya.

Shi kansa tsibirin Changuu da ya ɗauke mana hankali, bidiyon bai gaya mana cewa a ƙarni na 19 an taɓa tsare bayin da aka ce sun yi taurin kai a cikinsa ba, ko cewa an gina kurkuku a can a shekarun 1890, daga baya aka mai da shi wurin killace masu cuta. Tarihin kunkurun da baƙi ke ɗaukar hoto da su ya fara ne da guda huɗu da aka kawo kyauta daga tsibiran Seychelles a 1919. Sun hayayyafa har sun kai wajen 200 a 1955, sai aka yi ta sace su ana sayarwa, har ya zamana a 1996 bakwai kaɗai suka rage kafin a tashi tsaye a kāre su. Sha'awar da ta sa ake zuwa kallonsu ita ce ta sa aka kusa ƙarar da su.

Idan muka dawo gida, ƙasar da muka taka a wannan tafiya tana da irin wannan ƙarƙashi, kuma ba a matsayin misali kawai ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham da ake kira Jaba. A 1943 aka sake samun wani kai na yumɓu a yankin Jama'a, wanda har an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, shi kuma ya gane cewa waɗannan abubuwa aikin al'umma ɗaya ce ta dā. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ya nuna cewa asalin wannan al'umma ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma da duniya ta ga kyan sassaƙen, sai kasuwa ta buɗe. A shekarun 1990 aka yi ta tone wurare ba bisa ƙa'ida ba ana fitar da su waje, har biyu daga cikinsu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris a 2000, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce kafin Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro. Wanda ya tsaya gaban gilashi a Paris yana yaba hikimar mutanen Nok shi ma kallo kawai yake yi, amma ramukan da aka bari a gonakin Kudancin Kaduna saboda idonsa aka haƙa su.

Haka kuma duwatsun Kagoro da muka hau washegari muna haki muna raha. Tsayinsu ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma su ne gefen tsaunukan Filato ta yamma, inda suke tare iskar damina har ruwan sama ya wadata, kurmi ya tsiro a tsakiyar ƙasar da ba ta kurmi ba. Wannan ne ya sa masana tsuntsaye ke girmama dajin Nindam da na Kagoro, domin ana samun irin tsuntsayen kurmin kudu a cikinsu. A wurinmu hawan dutsen motsa jiki ne da neman wurin ɗaukar hoto. A wurin mutanen Gworok, kamar yadda suke kiran ƙasarsu, dutsen nan shi ne garkuwar da kakanninsu suka fake da ita a zamanin hare-haren neman bayi na ƙarni na 19, da shi suka riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa, kuma har yau suna taruwa a gindinsa ranar 1 ga Janairun kowace shekara domin bikin Afan. Gaskiya ɗaya da ba ta da daɗin faɗi ita ce, da yawa daga cikin maharan wancan zamani da harshen da muke wannan rubutu suke magana. Ba mu muka kai harin ba, kuma ba a kama ɗa da laifin kakansa. Duk da haka, wanda ya hau dutsen da wannan sani a zuciyarsa, takunsa da lafazinsa za su bambanta da na wanda ya ɗauka Allah ya ajiye dutsen ne domin hutun ƙarshen zangon karatunsa. A yankin da ya ga rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da tarzomar bayan zaɓen 2011, irin wannan bambanci na taku da lafazi ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Ɗaki Da Baƙo

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kafin rana ta take ya kama gabansa. Suna kuma cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan karin magana biyu sun tattara abin da dattijon Matsirga ya gaya mana. Baƙo na ɗaukar daɗin wuri ya tafi da shi a wayarsa, ɗawainiyar wurin kuwa tana nan a kan wanda ke kwana.

Wani lokaci ɗawainiyar takan wuce tsintar leda. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace masana biyu Jamusawa da ke aikin tono kayan tarihin Nok a ƙauyen Janjala, cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Bayan 'yan kwanaki aka sako su lafiya, kafofin watsa labarai na duniya suka yi ta ambaton sunayensu. Amma mutum biyu daga cikin mazauna yankin, waɗanda suka bi sawun maharan domin ceto baƙinsu, an kashe su. Waɗannan bayin Allah sun biya hakkin baƙunta da abin da ya fi komai tsada. Idan har mai gida na iya kai karamcinsa ga wannan matsayi, da wace fuska baƙo zai ce shi ba a binsa komai tunda ya biya kuɗin mota?

Kuɗin da ɗan yawon buɗe ido ya biya kuɗin hanya ne da masauki da abinci. Bai sayi ruwan ba, bai sayi dutsen ba, bai sayi mutuncin matar da ke wanki a bakin rafi ba, balle ya ɗauki hotonta ba da izininta ba. Kuskuren da muka yi a Matsirga shi ne mun ɗauki wurin kamar allon majigi, mutanensa kuma kamar wani ɓangare na abin da ake nunawa. Mun san sunan da taswira ta ba wurin, amma ba wanda ya tambayi dattijon yadda ake kiransa da harshensu, alhali muna tafe ne daga sashen nazarin harshe. Ko sunan Kafanchan da muka yini muna ambata, kaɗan daga cikinmu suka san cewa mutanen da suka riga tashar jirgin ƙasa zama a wurin Fantswam suke kiran kansu.

To, Sai Mu Zauna A Gida?

Mai karatu na iya cewa, idan kallo na da wannan nauyi, ashe zama a gida ya fi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba za mu yi watsi da ita ba, domin akwai wuraren da hutu daga ƙafar mutane shi ne maganinsu, kamar yadda lungun Maya ya nuna lokacin da kifaye suka dawo bayan an rufe shi. Amma a ƙasarmu cutar ta fi kama da akasin haka. Abin da ba a zuwa gani ba a san darajarsa, abin da ba a san darajarsa ba kuwa ba mai tsaya masa ranar da aka zo da injin yankan katako. Dajin da ba shi da masoya sai masu gawayi, kwanansa ƙidayayyu ne. Ban da haka, matashin da ke raka baƙi kan dutse, da mai sayar da gasasshiyar masara a bakin hanya, da ɗan acaɓa, duk suna samun na cefane daga zuwan baƙi, kuma manomin da ya ga annobar da ta cinye citta a 2023 ba zai ƙi wata ƙofar samu ba. Gani ya kori ji, kuma ɗalibin Kano ko Sakkwato da ya kwana biyu a Kagoro ya ci ya sha da mutanenta zai yi wuya a ruɗe shi da labarin ƙanzon kurege game da su.

Akwai wata hujja kuma da ta fi wannan ɗaci. Za a iya ce mana, ku da kuke wa'azin kāre daji, da me ake dafa abincinku a birni? Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyoyin kudancin jihar ba ƙauyawa ke ƙona yawancinsu ba, birane ake kai su. Wannan gaskiya ce, kuma tana nuna cewa hakkin wurin a kanmu bai fara ranar da muka sauka daga mota ba, bai kuma ƙare ranar da muka koma ba. Ba daidai ba ne mu nemi talaka ya bar itace tsaye domin mu zo mu yi hoto a inuwarsa, alhali mu ne kasuwar da ke saye idan ya sare.

Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga a je ko kada a je ba. Ta koma ga yadda za a je. A nan ma mai ninƙayar nan yana da abin koya mana. Ya san cewa ruwa ba gidansa ba ne, numfashin da yake yi ta bututu yake jawo shi daga sama, don haka ba ya taɓawa, ba ya ɗauka, ba ya tsayawa a kan abin da bai san ko mai rai ba ne. Wannan ladabi ne na wanda ya san shi baƙo ne, kuma ba sai an je tekun Indiya ake koyonsa ba. A tudu ma fassararsa a fili take: a yi sallama kafin a shiga, a nemi ɗan gari ya yi jagora a biya shi hakkinsa ba tare da ƙwaruwa ba, a bi turbar da aka tarar ko da ta fi nisa, a koma da duk abin da aka zo da shi, a tambayi sunan wuri da tarihinsa daga bakin masu shi.

Kammalawa

Mun fara da raini, domin mun ɗauka abin kallo na gaske yana bayan teku. Mun ƙare da fahimtar cewa raini da ɓarna uwarsu ɗaya. Wanda ya raina Matsirga saboda tana kusa shi ne zai bar mata leda, kuma da Allah zai kai shi Changuu da wannan hali, da ya taka murjani yana murmushi. Kallo amana ce da ake karɓa daga hannun halittun da ke wurin, da mutanen da suka rigaya, da waɗanda ke kwana a can, da kuma ɗaliban da za su zo bayanmu suna fatan su tarar da abin da muka tarar.

Kafin mu bar Kafanchan, wasu daga cikinmu sun roƙi direba ya sake tsayawa a Madakiya. Muka gangara da buhu biyu, muka kwashe abin da ya rage na sharar da muka bari, muka goge sunayen da ruwa da tsumma. Ba mu sami dattijon ba, an ce ya tafi kasuwa. Kunyoyin cittar da muka tattake kuwa suna nan yadda muka bar su, domin wannan ba abin da buhu ko tsumma ke gyarawa ba ne.